Tsohuwar J5 da Sanyin Asubar Maraɗi

Sanyi ne ya tashe ni kafin ladan, daren farko da muka kwana a ƙofar gidan Kawu a unguwar Zariya ta Maraɗi. Ƙarshen Disamba ne, hunturu ya sauka da ƙarfinsa, hazo ya lulluɓe fitilun titi har sun koma kamar aci-bal-bal. Da na idar da sallar asuba sai na shiga mota da niyyar in ɗuma inji kafin Inna ta kintsa, don mun yi da ita hantsi a Tasawa zai same mu. Na murɗa makulli, na jira ƴar fitilar ɗumi ta mutu, na tayar. Inji ya juya da nauyi kamar mai jan guga daga rijiya gaba ashirin, salansa ta tofar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gazuwal, sai shiru. Na sake, na kuma sake. A karo na biyar juyawar ma ta gagara, ƙat-ƙat kawai nake ji daga ƙarƙashi.

Motar Peugeot J5 ce ƙirar 1988, injin gazuwal lita 2.5 mai silinda huɗu, irin wadda Turawa ke gina ɗaki a bayanta su tafi yawon hutu. Akwai gado biyu, murhun gas, tankin ruwa da kabad. A Yamai na saye ta da bazara, kuma don Inna na saya. Haihuwar Tasawa ce, shekara shida rabonta da gida, ga ciwon baya, ga ciwon sukari, zaman bas na yini guda ya fi ƙarfinta. A motar ɗaki kuwa tana kwance za ta yi tafiyarta, allurarta tana cikin ƙaramin firigon da na sa mata. Duk watannin da motar ta yi a hannuna kafin wannan tafiya ba ta taɓa yi mini gardama ba, amma kuma ban taɓa tayar da ita kafin rana ta yi tsaka ba.

Ta dai yi mini ishara tun a Birnin Ƙonni. Mun baro Yamai ni da Inna da babban ɗana, muka wuce Doso da Dogon Dutsi, muka yada zango a Ƙonni bayan kilomita 400 da wani abu. Da safe sai da na tayar sau uku ta kama, tana karkarwa tana hayaƙi na ɗan lokaci kafin muryarta ta daidaita. Na ce sanyi ne, na ɗauki hanya. Muka tsaya Galmi Inna ta sayi albasar tsaraba, muka wuce Madawa da Gidan Rumji da Tibiri, inji bai yi ko tari ba har muka shiga Maraɗi da la'asar. Wannan lafiyar ta hanya ce ta sa na manta da abin da ya faru da safe.

Kafin ƙarfe bakwai ƙofar gidan Kawu ta cika. Mai shayin bakin layi ya ce batir ne. Wani mai kabu-kabu ya ce a zuba wa pompo, wato famfon da ke tura wa inji gazuwal, ruwan zafi. Wani dattijo da ya yi direban tirela ya ce a hura gawayi a ajiye ƙarƙashin inji, haka suke yi a hanyar Agadas. Wani kuma ya aika gida aka kawo gwangwanin maganin sauro, wai a cire matatar iska a fesa, yanzu za ta tashi. Wannan na ƙi, ba don na san illarsa a lokacin ba, zuciyata ce dai ba ta kwanta ba. Samari shida suka gwada turi, amma mota mai kusan tan uku a cikin rairayi ba ta yi gudun da zai tayar da ita ba. Sai wajen ƙarfe goma, rana ta daki gaban motar, maƙwabci ya matso da tasa muka ja wuta daga batirinsa, ta tashi.

Garejin farko da na je, makaniken ya kashe ta ya tayar sau biyu, duk taɓawa ɗaya. Ya saurari inji, ya ce pompon gazuwal ne ya gaji, a cire a kai wa masu saiti, aikin kwana uku. Kawu yana gefe bai ce uffan ba sai da muka fito.

"Kai ɗan nan, kada ka bari a taɓa pompon nan tukuna. Zo in kai ka wajen wanda ya san su."

Wanda ya kai ni wajensa tsoho ne, gemunsa fari fat, garejinsa inuwar dogon yaro biyu ce da rumfar kwano. Kawu ya ce tun lokacin da J5 ke jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano yake cikin injinansu. Na gaishe shi, na fara zuba bayani, ya ɗaga hannu.

"Alhaji, tsaya. Da zafi tana tashi?"

"Taɓawa ɗaya, Baba."

"Da asuba tana juyawa ko shiru take yi?"

"Tana juyawa, amma da nauyi."

"Hayaƙi fa? Akwai ko babu, kuma wane launi?"

Na ce fari ne, mai yaji a ido. Ya gyaɗa kai ya ce to, yau ba abin da zai kwance. Ciwon da ke zuwa da asuba, in ji shi, da asuba ake ganinsa, mota mai zafi ƙarya take yi wa makanike. Ya ce in kawo ta da magariba ta kwana a nan, in bar komai yadda na saba barinsa, har firigon. Da na kawo ta ya sa yaronsa ya ɗora mita mai auna ƙarfin wuta a kan batir bayan inji ya huce, ya rubuta 12.6 da alli a jikin rumfa.

Raina bai so jinkirin ba, don Inna ta riga ta aika Tasawa cewa tana tafe. Amma ita ce ta kwantar mini da hankali, ta ce ai gidan ƙanenta take, ba daji ba. Yinin nan Kawu ya zagaya da ni da ɗana cikin gari. Ya kai mu ƙofar fadar Sarkin Katsina, yana ba jikansa labarin yadda sarakunan Katsina suka kafu a nan bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har gobe sarautar Maraɗi da sunan Katsina ake kiranta, kamar yadda ta Tibiri take ta Gobir. Ya nuna mana gangaren gulbi inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Gulbin a bushe yake a wannan lokaci, amma fadamar kore shar da lambuna. A babbar kasuwa na ga abin da ya sa ake yi wa Maraɗi kirarin cibiyar kasuwancin Nijar: atamfa, buhunan wake da gyaɗa, kayan Kano ko'ina, naira da sefa suna yawo hannu da hannu. Muka ci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, Kawu ya ce zogalen na Jiratawa ne. Ban taɓa cin mai daɗinsa a Yamai ba.

A cikin motar muka kwana ni da yaron, a garejin. Muna dawowa daga masallaci muka tarar da Baba a tsaye da tocila, ya naɗe kai da rawani. Bai bari na taɓa makulli ba sai da aka sake ɗora mita. Ta nuna 12.1.

"Ka gani? Wani abu yana shan wuta da dare."

Ni malamin kimiyya ne a kwaleji, na san batir mai lafiya da ya cika yana zama wajen 12.6, in ya sauko 12.1 ya zubar da kusan rabin cajinsa. Abin da ban sani ba shi ne ta inda wutar ta bi. Motar ɗaki batir biyu gare ta, ɗaya na inji, ɗaya na ɗaki mai ba fitilu da firigo wuta. Tsakaninsu akwai rele, aikinsa ya haɗa su in inji na tafiya don su yi caji tare, ya raba su in an kashe. Baba ya bi waya da tocila har ƙarƙashin kujera, sai ga relen a mace, wani kafin ni ya ɗauko waya mai kauri ya haɗa batiran kai tsaye. Wato duk daren da firigon Inna ya yi yana aiki, har da batirin inji yake ci.

Sannan ya ce in tayar, amma kada in wuce ƙirga goma, don demarer, wanda ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka ke kira kik, yana ƙonewa in an matsa masa. Ina tayarwa mita ta faɗi ƙasa da 10. Baba ya kai hannu ya taɓa wayar mas, wadda ta haɗa inji da jikin mota, ya kira ni in taɓa. Da ɗumi, alhali duk ƙarfen da ke kewaye da ita sanyi ƙalau. Ya ce wayar da ke ɗumi daga tayarwa ɗaya, wuta ce ke shan wuyar wucewa ta cikinta. Ya ɗauko wayar jan wuta ya maƙala daga baƙin kan batir zuwa jikin inji, ya ce in sake. Juyin ya ƙara sauri har kunne na ji. Da aka kwance wayar, bakinta ya yi kore, rabin zaren ya tsittsinke.

Duk da haka ba ta tashi ba, farin hayaƙin dai ya sake fitowa. A nan ne ya yi mini bayanin da ya fi zauna mini. Ya ce in ana tayarwa babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne bai iso ba, sai a nemi laifi a tanki, ko matata, ko ƴar na'urar da ke buɗe wa pompo mai, wadda ake jin ƙarar ɗas ɗinta in an murɗa makulli. In kuwa farin hayaƙi mai warin gazuwal ya fito, mai ya iso, zafin da zai kunna shi ne babu. "Pompon da aka ce ka cire shi ne ya aiko da hayaƙin nan," in ji shi. "Yana aikinsa."

Abin da nake koya wa ɗalibai a allo ke nan, sai ga shi a gabana. Injin gazuwal ba ya da tartsatsi irin na mai esans. Iska yake matsewa, a irin wannan inji har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 22 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sai a feso mai ya kama da kansa. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi, kuma juyi ba sauri, bangon silinda yana shanye zafin kafin ya kai. Tsofaffin injina irin na J5 sun fi jin wannan, don a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kan inji ake fesa man, kuma ɗakin nan ƙarfe ne ta ko'ina. Shi ya sa aka sa wa kowace silinda bujin ɗumi, wanda wasu ke kira hita, bakinsa ya yi ja ya wuce digiri 800 kafin a tayar.

Na ce, "Amma Baba, fitilar ɗumi tana kamawa tana mutuwa daidai."

Ya ce fitilar lokaci kawai take ƙirgawa, ba ta san ko buji na da rai ba. Ya cire ƙarfen da ya haɗa kawunan bujin huɗu, ya ɗauko kwan fitila mai waya biyu, ɗaya ya maƙala a jan kan batir, ɗaya ya miƙa wa ɗana.

"Aboki, taɓa kan kowane ɗaya. In kwan ya kama, da sauran rai."

Na farko ya kama, na biyu shiru, na uku shiru, na huɗu ya kama. Yaron ya juyo yana murna, "Abba, biyu sun mutu!" Baba ya ce a fito da duka. Ya zuba musu mai ya bar su suka jiƙa, ya riƙa kwancewa kaɗan yana mayarwa kaɗan, don buji in ya karye a cikin kan inji, ƙaramin aiki ya zama babba. Biyun da suka kama ya gwada su a batir. Ɗaya ya yi ja daga baki cikin ƴan daƙiƙu. Ɗayan daga tsakiya ya fara, a hankali, bakin ya tsaya baƙi. Ashe da buji ɗaya da rabi muka taso daga Yamai.

Na ba shi labarin maganin sauron jiya, fuskarsa ta canza. Ya ce ya sha buɗe injinan da aka kashe da wannan dabara, da turare, da tsumman esans. Abin yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, balle in ya tarar da buji ja, sai ya buge shi yana tahowa, zobba su karye, wani lokaci ɗakin ɗumin ya tsage. Yau ta tashi, gobe sai an ƙara feshi, har a ce mota ta saba da shi, alhali matsinta ne ke ƙarewa. Tun ranar duk wanda na gani da gwangwani a bakin inji sai na tsaya na yi masa magana, ko ya ji ko kada ya ji.

Da hantsi ya haɗa ni da babban yaronsa muka shiga wajen masu kayan gyara. Ya ja kunnenmu da abu biyu: mu duba a ga 11V a rubuce a jiki, don akwai na manyan motoci masu batir 24 da suka yi kama da su, ba za su yi ja a tawa ba, kuma kada mu biya sai an gwada kowane ɗaya a gabanmu. Shago na farko ɗaya cikin huɗu bai yi ja ba, sabo fil a kwalinsa. A na biyu muka dace. Muka sayo rele da sabuwar wayar mas, aka ɗaura, aka kai batir caji. Batirin da kowa ya ce in canza, bayan ya cika aka gwada shi da tayarwa, bai sauka ƙasa da 10.5 ba. Baba ya ce ya isa. Ya ƙara da cewa a ƙasar nan zafin bazara ne ke cin batir, sanyi tona asirinsa kawai yake yi, don haka in sa masa ido in watan Afrilu ya wuce.

Na so in tafi a yinin, ya ce a'a, sai ta sake kwana. Na ji nauyin Inna, amma na bi.

Asuba ta biyu na murɗa, na jira, na tayar. Taɓawa ɗaya ta kama. Har na fara hamdala, sai ta yi kamar daƙiƙa goma ta shiga tari, ta mutu. Gwiwata ta yi sanyi. Baba kuwa ko a jikinsa, ya ce wannan wani ciwon ne daban, da can na farkon ya rufe shi. Man da ya kwana a cikin pompo ne ta ƙone, abin da ya biyo bayansa iska ce. Ya danna ƴar famfon hannu da ke kan matatar gazuwal, ta tafi laushi, sai da ya danna fiye da sau ashirin ta yi tauri. Ya yanko tiyo mai haske irin na masu auna gini ya sa tsakanin matata da pompo, aka tayar, sai ga kumfa suna bin juna a ciki. Ya ce in akwai ƴar kafa a hanyar mai, ba lalle ta yi yoyo a gani a ƙasa ba, iska take sha da dare, mai ya sulale ya koma tanki. Ƙananan tiyon da ke tsakanin anjekter, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, suna mayar da rarar mai, da ya lanƙwasa ɗaya sai ya tsage kamar busasshen ganye. Robar famfon hannun ma ta fashe. Aka canza su, aka sa sabuwar matata, tsohuwar da aka juye har da ruwa da laka a gindinta. Na tuna gazuwal ɗin jarka da na saya a bakin hanya wata ɗaya baya.

Akwai tsoron da na ɓoye tun ranar farko, sai a lokacin na furta: ko injin ne ya gaji gaba ɗaya? Ya buɗe marufin man inji yana tafiya, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya murɗa ba. Marufin ya ɗan yi rawa amma bai tashi ba. Ya ce da zobba sun cinye da huci ya cilla shi. Da gyaran nan duka bai yi ba, sai a auna matsin kowace silinda a duba saitin bawul, sannan a zo maganar anjekter da pompo, su ne na ƙarshe don su ne masu cin kuɗi. Na nuna masa littafin motar da na samu a aljihunta, inda aka yi dogon gargaɗi da Faransanci kan gazuwal mai daskarewa. Ya sa na fassara masa, ya ce wannan na ƙasar ƙanƙara ne. Gaskiyarsa, sai sanyi ya kusa sifili ko ya wuce gazuwal ke fara kauri, na Maraɗi kuwa ko a tsakiyar hunturu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. Shawarar da ya ba ni ita ce a juye na gaba in bar man 20W50 in koma 15W40, ya fi saurin zagayawa da safe, kuma ranar da sanyi ya tsananta in murɗa makulli sau biyu, buji su ɗumu sau biyu, kafin in tayar.

Kuɗin aikin da ya faɗa bai kai rabin abin da aka ce in ba masu saitin pompo ba. Na ƙara masa, ya karɓa ya raba wa yaransa a gabana. Kwan fitilar gwajin kuwa ɗana ya ba, ya ce ya ajiye a aljihun mota.

Daren ƙarshe a ƙofar gidan Kawu motar ta kwana, a wurin da ta ƙi tashi, firigo a kunne. Sanyin asubar ya fi na ranar farko, mai shayi har ya hura wuta mutane sun kewaye ta. Inna ta fito da bargo a kafaɗa, Kawu yana riƙe da jakarta yana cewa, "Yaya, a gaida mutanen gida." Ta hau ta kwanta, ɗana ya gyara mata matashi. Na duba mita, 12.5. Na murɗa makulli, fitilar ta mutu, na ƙara ƙirga biyar, na tayar. Ta kama, ɗan hayaƙi ya fita sau ɗaya ya ɓace. Na bar ta minti uku ina kallon tiyon mai hasken nan da Baba ya ce in bari har mu dawo, babu kumfa ko ɗaya.

Muka fita ta gabas rana ba ta gama fitowa ba. Cadawa, Age, Gazawa, gonaki duk an girbe sai karan hatsi da jajayen awaki suna kiwo. Muna hango Tasawa Inna ta ce a ɗaga ta ta zauna, tana so ta ga shigarmu gari da idonta.